Na Ja Makunnin Injin Malam, Laifi Ya Hau Kan 'Yata

Hajiya Zubaida, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin kwanakin da suka rage mini ba su da yawa. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Hasali ma ina cikin masu ganin macen da ta san ciwon kanta ba ta kai zancen gidanta kasuwa. Amma yau mako uku ke nan ina ɗauke da abin da ba zan iya faɗa wa ƙanwata ba, balle maƙwabta, ke kuwa ba ki san fuskata ba.

Ni matar aure ce a Kazaure, shekarata hamsin da huɗu, 'ya'yana biyar. Na gama sakandare, kuma na daɗe ina koyar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu. Duk wanda ya san gidana ya san abu biyu ne ba na wasa da su, salla a kan lokaci da faɗin gaskiya. Ban yi renon 'ya'yana irin na yanzu ba, da uwa ke lallaɓa ɗa kamar ƙwai, yaro yana danna waya ana kiran salla babu mai tsawata masa. Na faɗi wannan ne don ki gane irin ramin da na faɗa.

Maigidana, Malam, ya yi ritaya daga aikin safiyo. Shekara ashirin da suka wuce ya sayo wani tsohon injin sassaƙa a Kano, irin wanda ake ɗaure guntun itace a jikinsa ya riƙa juyawa, mutum ya kafa masa ƙarfe mai kaifi yana fitar da siffar da yake so. Ba sana'arsa ba ce, ko muciya ɗaya bai taɓa sayarwa ba. Sha'awa ce kawai. Rabin sandunan da tsofaffin masallacinmu ke dogarawa aikinsa ne, kuma babu yarinyar unguwa da za a kai ɗakinta bai sa mata muciya da 'yar tabaryar dakan yaji a cikin kaya ba. Mutumin kirki ne, ba na ɓoye wannan. Aibinsa ɗaya, in ya tsaya a gaban injin nan ya bar duniya. Tsohon moton da ke juya injin yana da ƙara kamar injin markaɗe, ko ladan a bakin ƙofa yake ba zai ji shi ba.

Tun yara suna ƙanana Malam ya kafa makunnin injin a can sama, jikin bangon ɗakin girkina, inda waya ta bi ta wuce shagonsa, don kada yaro ya kunna. Makunni ne mai mariƙi, in aka ja shi ƙasa wuta ta yanke. Wata rana da aka tayar da sallar azahar ina jin ƙarar injin, sai na taka kujera na ja shi. Malam ya fito, ya karkaɗe garin katako daga rigarsa, ya yi alwala ya tafi masallaci. Kafin ya dawo na mayar. Daga ranar haka muke, shekara goma sha takwas. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa ba. A raina wannan jan makunnin yana cikin 'yan ayyukan da nake fatan tararwa a mizani.

To, girma ya zo. Yatsun Malam suka fara kumburi da ciwo, tsohon injin kuwa ba a rage masa gudu sai an tsaya an ɓamɓare bel daga wannan gargare an mayar wancan, abin da hannunsa ya daina iyawa. Bara kuma ya ƙwallafa rai sai ya sassaƙa akushi. Ya ɗaura wani ƙaton guntun darbejiya, injin ya tashi da cikakken gudunsa yana rawa, itacen ya ƙwace ya wuce ta gefen kunnensa ya huda kwanon rufi. Na ce a sayar da abin nan tun bai mayar da ni gwauruwa ba. Amma na san ba za a sayar ba.

A nan 'yata ta huɗu ta shigo, zan kira ta Bahijja, ba sunanta ba ne. Shekararta ashirin da uku, lantarki ta karanta a kwalejin fasaha. Ba da son raina ba, ni malanta ko aikin jinya na so mata, ubanta ne ya goya mata baya. Ita ta ce akwai magani. A sa sabon moto, a haɗa shi da wani akwati mai saita gudu, ta yadda Malam zai riƙa murɗa ɗan maɓalli kamar na rediyo, injin ya fara a hankali, in itace ya daidaita sannan ya ƙara. Yayanta Muhammad Sani ya aiko da kayan daga Kano. Kwana huɗu tana aikin. Akwatin ta kafa shi a soro kusa da mita, wai garin katako yana kashe shi, ta jawo maɓallin zuwa jikin injin.

A daidai lokacin wani kamfani mai kafa wa manoman rani famfon sola a wajajen Gwiwa da Roni da Babura ya ɗauke ta. Za ta yi wata shida tana horo a Kano, sannan ta dawo tana zagaya gonaki. Na ce ban yarda ba. Budurwa a kan babur cikin fadama, tsakiyar maza, tana hawa ƙarfe tana sauka, ni ban ga mutunci a ciki ba, har gobe kuma ban gani ba. Malam ya yanke a gabana cewa in injinsa ya tashi ya ɗore da aiki yadda ta faɗa, zai sa mata hannu a takardar mai tsaya mata.

Injin ya tashi. Ba ƙara, ba rawa, sai wani ɗan gurnani da ko daga tsakar gida ba ka ji. Akushin farko na maɗaci ya yi, a ciki ya ci tuwo ran nan, ya kira abokansa suna juya shi a hannu. Ban taɓa ganin ya kalli wani cikin 'ya'yansa yadda ya kalli Bahijja a makon nan ba. Tunda gaskiya na zo faɗa, wani abu ya soke ni a rai, domin na san an kayar da ni a zancen Kano.

Tsohon makunni yana nan a bangon ɗakin girki, wayar moton ta cikinsa ta bi. Bahijja ta naɗe mariƙinsa da jan salatif. Wata safiya ina gyaran zogale ta durƙusa ta fara yi mini bayani, na katse ta, na ce kada ta kawo mini bokonta, ina cikin gidan nan tun ba a san za a haife ta ba. Abin da kunnena ya kama kawai shi ne kada a taɓa shi in injin yana aiki, sai ta samo doguwar wayar da za ta kewaye shi. Na ji wannan, Hajiya. Ba zan ce ban ji ba.

Kwana goma sha biyu ban buƙaci makunnin ba, tunda yanzu Malam yana jin kiran salla da kunnensa. Ran Talata, Bahijja ta tafi suna Roni gidan gwaggonta, aka kira la'asar bai fito ba. Aka tayar da salla bai fito ba. Na leƙa na gan shi sunkuye a kan wani babban akushi yana rarake cikinsa. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata yanzu ai ba shi da hujjar ƙarar inji. Na taka kujera, na warware salatif, na ja. Ina jin injin ya fara lafawa sai maganar yarinyar ta faɗo mini, na yi sauri na mayar da shi sama. Sai wata ƙara daga soro kamar an fasa kwalba, sai warin ƙonannen roba.

Abin da na yi bayan nan shi ne yake hana ni sukuni. Na mayar da salatif ɗin na naɗe yadda na same shi, na sauko, na koma bakin murhu.

Malam ya fito ya tsaya a gaban akwatin da ke hayaƙi, sannan ya wuce masallaci. Washegari ya kira abokinsa Muhammadu Lawal, mai naɗin moto a kasuwa, wanda shi ke duba tsohon moton tun da aka saye shi, kuma na san bai ji daɗin tsallake shi da aka yi aka ba yarinya aikin ba. Ya duba ya ce haɗin ne ba a yi daidai ba, yaran yanzu takarda kawai gare su. Malam ya kira Bahijja ya ce zancen Kano ya mutu, wadda ta ƙona injin ubanta ba za a sake ta kan famfon bayin Allah ba. Ta buɗe akwatin ta daɗe tana dubawa. Ta zo ta tsaya a ƙarƙashin makunnin tana kallonsa, ina zaune ina tankaɗe. Sannan ta koma ta durƙusa ta ba ubanta haƙuri. 

Tun daga nan gidan ya yi tsit. Malam ya rufe shagon da kwaɗo, yana wuni a kan tabarma da rediyo. Bahijja tana aikinta, kullum da safe tana durƙusawa ta gaishe ni, amma abinci sai ta tsakura ta ture. Zancen ya kai kasuwa, har matar maƙwabcinmu da ta saba kiranta gyaran fanka ta daina. Takardar kamfanin kuma dole a mayar da ita da sa hannun Malam kafin Litinin ta ƙarshen watan nan, in ba haka ba su ba wani.

Ga abin da ke yawo a kaina. Na yi istihara a kan tafiyar nan, na roƙi Allah in babu alheri Ya hana. To ba amsar ke nan ba? Kuma ni don salla na ja makunnin, ba don mugunta ba. Bahijja ma ai da laifinta, me ya sa ta bar shi a wurin? Sannan in na buɗe baki, da wane ido zan kalli 'ya'yana? Ni ce na tasa Muhammad Sani a gaba yana ɗan shekara goma har gidan mutane ya faɗa da bakinsa shi ya kashe musu zabuwa. In na yi magana kuma dole abin da ni da Malam muka rufe shekara goma sha takwas ya fito, yara su ji uwarsu ce ke kora ubansu masallaci. Ba zai yiwu in lallashe shi ya sa hannun kawai ba, ba tare da na faɗi komai ba? Ko in bar abin yadda Allah Ya yi shi? Ran Alhamis darasinmu a Islamiyya a kan shaidar zur ne. Na buɗe littafi, na ce wa matan kaina yana ciwo, na sallame su.

Uwar Biyar, Kazaure

Wa alaikumus salam, Uwar Biyar. Na tsallake wasiƙu da dama na sa taki a gaba saboda Litinin ɗin da kika ambata, don haka ba zan yi kwana-kwana ba.

Na kai bayaninki wurin wani mai aikin lantarki da na amince da shi. Ya ce ba zai rantse ba tunda bai ga akwatin ba, amma irin waɗannan akwatunan ba sa son a raba su da moto yana cikin gudu, kuma mayar da wutar nan take ya fi yankewar haɗari. Tsohon moto yana jure wannan, sabon haɗin ba ya jurewa. Ke ma kin san haka a ranki, shi ya sa kika rubuto.

Abubuwa uku kika cakuɗa, sai mun raba su. Jan makunni kuskure ne, na hannun da ya saba, da niyya mai kyau a bayansa. Matar da ta yi shekara goma sha takwas tana tsare wa mijinta jam'i ba abin zargi ba ce, Allah Ya ba ki ladan. Da a nan abin ya tsaya, da asarar akwati kawai aka yi. Amma mayar da salatif ba kuskure ba ne, kuma ba don salla kika yi shi ba. Shirun mako uku ma haka. A nan haƙƙin yarinya ya hau kanki, kuma kullum rana ta fito ƙaruwa yake yi.

Zancen istihara kuwa, ki ajiye shi. Allah ba Ya amsa addu'ar uwa ta hanyar ɗora wa 'yarta laifin da ba ta yi ba. Da ɗaya daga cikin ɗalibanki ce ta kawo miki wannan hujjar, kin san amsar da za ki ba ta.

Ba ke kaɗai ke da rabo a ciki ba. Bahijja ta yi sakaci. Mai aikin lantarki ba ya barin abu mai haɗari a inda hannu ya saba kaiwa ya dogara da salatif, ko dai ya cire shi ko ya kulle. Wannan darasi ne da ya kamata ta riƙe tun kafin ta taɓa famfon kowa, kuma ya dace ta faɗa wa mahaifinta da bakinta. Sai dai ba a kan wannan aka hukunta ta ba, an ce ba ta iya haɗi ba ne, alhali haɗinta ya yi kwana goma sha biyu yana aiki lafiya. Malam ma ya yi gaggawa, ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya, mutumin da ke da ɗan ƙorafi a ransa.

Sannan ki yi tunani a kan wannan. Ban san zuciyar Malam ba, amma mutumin da aka tsayar wa inji a daidai lokacin salla sau ba adadi, da wuya a ce bai lura da lokacin da akwatin ya ƙone ba. Wataƙila ya rufe shagon ne don kada ya yi tambayar da ba ya son jin amsarta. Ita kuwa Bahijja, wadda ta buɗe akwati ta duba sannan ta zo ta tsaya a ƙarƙashin makunni, ni ba na shakkar ta sani. Ta zaɓi ta rasa aikinta a kan ta nuna uwarta da yatsa. Tarbiyyar da kike tsoron zubewarta ga ta nan tana aiki a gabanki, kuma ke ake rufa wa asiri da ita.

Lallashin Malam ya sa hannu ba tare da gaskiya ta fito ba ba mafita ba ce. Ko ya yarda, alfarma zai ga ya yi wa yarinyar da ta gaza, ita kuma ta tafi da tabon a sunanta, zancen kasuwa yana nan yadda yake.

Ki fara da Malam, ku biyu, yau ɗin da kika karanta wannan, bayan ya ci abincin rana. Ki faɗa masa duka, har da salatif. Kada ki buɗe da cewa ya makara salla, in kika fara da nan faɗa za a yi, gaskiyar ta ɓace a ciki. Zai yi fushi, yana da haƙƙi, ki jure. Tsohon sirrinku kuwa ba abin kunya ba ne, kuma ina tabbatar miki yaran da suka girma a gidan sun daɗe da sanin wa ke taka kujera. Daga nan ki kira Bahijja ɗakinki ki nemi yafiyarta da kalmomi a fili, ba da ƙarin nama a miya ba. Uwa ba ta raguwa don ta ce na zalunce ki. Malam kuma shi zai koma wurin Muhammadu Lawal ya gyara maganar, tunda ta can ta fita.

Bayan an wanke yarinyar, sai ki kawo tsoronki a kan aikin, domin tsoron uwa ba shirme ba ne. Ki tambaya a gaban ubanta, a ina za ta sauka a Kano, ko gidan yayanta zai yiwu, da wa za ta riƙa fita gonaki, akwai wasu mata a cikinsu, ƙarfe nawa ake tashi. In amsoshin ba su gamsar ba, ki faɗa, kina da baki a cikin maganar. Wataƙila ki rinjaya, wataƙila a rinjaye ki. Ko wanne ya faru, a yanke shi a kan gaskiya, kuma tun takardar tana da amfani.

Injin ma a tashe shi. Dattijo mai ciwon hannu da ya wuni a tabarma ba ya daɗewa da lafiyarsa. In an samu gyara ko wani akwatin, Bahijja ce za ta haɗa, a cire tsohon makunnin gaba ɗaya, a sa na tsayarwa kusa da hannun Malam. In an kira salla bai fito ba, ki taka zuwa ƙofar shagon ki yi masa magana, yanzu ai yana ji.

Yarinyar nan ta yi mako uku tana ɗauke da kayanki ba ki roƙe ta ba. Kada ki bari ta shiga na huɗu. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sanyaya ran Malam, Ya yi wa Bahijja zaɓin alheri, Ya bar ku tare cikin rufin asiri.

Hajiya Zubaida